Daga Majigi Zuwa Salula: Bakin Hukuma Da Kunnen Talaka A Mafara, Bakura Da Maradun

Mai karatu, a wannan watan zan ɗan jingine sharhin finafinai in ja ka zuwa tarihi. Amma kada ka damu, ba mu yi nisa da gida ba, domin labarin da farin ƙyalle da na'urar haska fim ya soma. Tambayar da na ke so mu duba ita ce: ta wace hanya hukuma ke kai saƙon ta da aikin ta ga mutumin ƙauye, wanda ba ya karanta boko, ba shi da wutar lantarki, bai taɓa leƙa intanet ba? Yanzu masana na ta cewa an samu mafita, wai a tura masa ta talabijin, a tura masa ta wayar salula. Har misali su ke kawowa daga Ingila, inda a shekarun 2000 ƙaramar hukumar Kirklees ta jagoranci wani shiri da ya ba tsofaffi da marasa kwamfuta damar kai koke da neman aikin hukuma ta akwatin talabijin ɗin su. To, kafin mu yi tafi, ya kamata mu tuna cewa mu ma ba yau aka fara zuwa mana da na'ura ana cewa an gama da matsalar ba.

Na zaɓi ƙananan hukumomi uku na yammacin Jihar Zamfara, wato Talata Mafara da Bakura da Maradun. Kogi ɗaya ya ratsa su, madatsar ruwa ɗaya ta haɗa su, kuma tsakanin 1999 da 2023 sun ba jihar gwamnoni uku: Ahmad Sani Yariman Bakura (1999 zuwa 2007), Abdul'aziz Yari na Talata Mafara (2011 zuwa 2019) da Bello Matawalle na Maradun (2019 zuwa 2023). Shekara 20 cur kenan. Idan akwai inda ya kamata a ce hukuma da talaka su na jin juna, ai nan ne.

KAFIN ZUWAN NA'URA

A da, saƙon hukuma da ƙafa ya ke tafiya. Daga Sakkwato ya zo wa hakimi, hakimi ya aika wa dagaci, dagaci ya kira masu unguwanni, sannan sankira ya bi lungu-lungu ya na shela. Ranar kasuwa kuwa ita ce babbar jarida, kuma sunan Talata Mafara kan sa ya ishe ka shaida. Ga kuma makaɗan fada, waɗanda wannan yanki ya ke da su na ji da gani: Alhaji Musa Ɗanƙwairo, haifaffen ƙasar Bakura wanda duniya ta sani da Ɗanƙwairo Maradun, da Sa'idu Faru, mutumin Faru ta ƙasar Maradun. Abin da makaɗi ya sa a waƙa ya fi takardar gwamnati saurin zagaya gari.

Wannan tsari ya na da aibin sa, don ta nan ne haraji da jangali da aikin tilas ke bi su iso. Amma ka lura da abu ɗaya: mai kawo saƙon mutum ne. Ya na da baki, ya na kuma da kunne. Idan gari ya ƙi abu, zai koma ya faɗa, ko da a kaikaice ne.

MAJIGI YA ZO GARI

Na'urar farko da ta shigo wannan harka ita ce majigi. Sunan ma daga Turanci mu ka are shi, daga wata tsohuwar fitilar haska hoto da Turawa ke kira fitilar sihiri. Wani jami'in tsafta a Legas mai suna William Sellers ne ya fara gwada fim a ƙarshen shekarun 1920 don nuna wa mutane yadda ɓera ke yaɗa annoba. Da Ingila ta kafa sashen shirya finafinai na ƙasashen da ta ke mulka a 1939, shi aka ɗora a kai. Daga baya gwamnatin Jihar Arewa ta gaji aikin, ta riƙa shirya nata finafinan a Kaduna, motoci na zagayawa da su lardi-lardi.

Tambayi duk wani dattijo da ya yi ƙuruciyar sa a zamanin Sardauna, zai ba ka labari. Mota ce za ta iso da la'asar da injin wutar ta da lasifikar ta. A kafa farin ƙyalle a fili, galibi a ƙofar gidan hakimi. Bayan sallar isha'i gari ya hallara, yara a gaba, manya a baya, mata a gefe. Ba a biyan ko ahu. A fara da labarai, a ga Firimiya na buɗe asibiti ko makaranta, sai fim ɗin tsafta ko na noma, a kuma sa na ban dariya don kada a watse. Wanda ya fi zama a bakin mutane shi ne 'Baban Larai', wanda aka yi kan noman auduga, kuma ka san Zamfara ƙasar auduga ce, shi ya sa ma jirgin ƙasa ya kai har Ƙauran Namoda a 1929.

A matsayi na na mai sharhin fim, ba zan ce maka waɗannan finafinai gwanaye ba ne. Yawancin su zubi ɗaya ne: ga mai wayo da ya bi maganar malamin gona ya yi arziki, ga wawa da ya ƙi ya tsiyace. Shi Sellers ma ya ɗauka cewa baƙar fata ba ya iya fahimtar hoto sai an sassauta masa kamar ƙaramin yaro, wanda raini ne tsagwaron sa. Amma majigi ya dace da abu biyu da na'urorin bayan sa su ka rasa. Na farko, shi ke zuwa wurin talaka, da wutar sa da komai, ba ya neman komai daga gare shi sai idanu. Na biyu, akwai mai fassara riƙe da lasifika, ya na bayani da Hausar da mutane ke ji, ya na sa barkwanci, ya na karanta fuskar 'yan kallo. In ka cire wannan mutumin, fim ɗin inuwa ce kawai ke motsi a ƙyalle.

Abin da majigi bai da shi shi ne kunne. Gari na wayewa motar ta naɗe ƙyallen ta ta yi gaba. Manomin da ke da tambaya kan farashin audugar sa sai ya haɗiye abin sa.

AKWATI MAI MAGANA, AKWATI MAI HOTO

Sai rediyo. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Kaduna kuma a 1962. Da ƙaramar rediyo mai batir ta yawaita, sai ta zama na'urar da ta fi kowace shiga ƙauye: ba ruwan ta da lantarki, ba ruwan ta da iya karatu, makiyayi ya rataya ta a kafaɗa, matar kulle ta ajiye ta kusa da turmi. Sanarwar rigakafi, ranar zaɓe, ganin wata, duk ta nan su ke isowa. Har an buɗe wa mai sauraro 'yar taga, ya sayi kati ya aika gaisuwa a shirin 'Zaɓi Sonka'. Sai dai fa gaisuwa ce, ba koke ba.

A nan maƙwabtan mu na Nijar sun riga mu wani tunani. A 1962 su ka kafa ƙungiyoyin sauraren rediyo a garuruwa da ƙauyuka. Jama'a su taru su saurari shiri kan lafiya ko noma, su tattauna, jagoran ƙungiya ya ɗauki muryoyin su a rakoda ya aika Yamai, a sa a rediyo kowa ya ji. Ka ga an yi wa akwatin kunne kenan.

Talabijin kuwa tun asali ɗan birni ne. An buɗe na Ibadan a 1959, na Kaduna a 1962, amma hoton sa bai wuce Kaduna da Zariya da Kano ba. Sakkwato sai tsakiyar shekarun 1970 ta samu tashar ta, kafin gwamnatin tarayya ta haɗe tashoshin a ƙarƙashin NTA a 1977. An yi wasanni masu faɗakarwa da har gobe ake kewar su, irin su 'Samanja' da 'Kuliya' da 'Karkuzu' da 'Idon Matambayi'. Amma wa ya gan su? Mai akwati da wutar NEPA. A daidai wannan lokaci, a 1975, Indiya ta kai akwatunan kallo na gayya ƙauyuka 2,400 ta na haska masu shirye-shiryen noma da lafiya ta tauraron ɗan'adam. Mu ma gwamnatocin jihohi sun giggina gidajen kallo, sai dai da injin ya lalace ko mai ya ƙare, shi kenan an rufe.

BAKOLORI: RANAR DA RASHIN KUNNE YA CI RAI

Mai karatu, idan ka na son ganin abin da baki ba kunne ke haifarwa, tsaya a Bakolori. Daga 1974 zuwa 1978 wani kamfanin Italiya mai suna Impresit ya datse Kogin Sakkwato, aka yi tafki mai cin ruwa kubik mita miliyan 450, da nufin noman rani a kadada dubbai a ƙasashen Mafara da Bakura da Maradun. Aiki ne na zamani, an kawo injiniyoyi da manyan katafila. Kimanin mutum 13,000 ruwa ya tasa daga gidajen su. Waɗansu aka karɓe gonakin su don a baje su a ja magudanai, su ka yi damina bayan damina ba su yi shuka ba. Da aka zo rabon gonakin, aka yi ta rikicin wane ya samu ta wane. Diyya ta yi ta jan ƙafa. Mutanen da ke ƙasa da madatsar kuma su ka ga ambaliyar da ke jiƙa masu fadama duk shekara ta ja baya.

A lokacin akwai rediyo, akwai talabijin a Sakkwato, akwai motocin ma'aikatar yaɗa labarai. Duk su na iya faɗa wa manomi alherin noman rani. Babu ɗaya da ke iya ɗaukar maganar sa ta kai sama. Da manoma su ka gaji da kai kuka, sai su ka koma ga hanyar da ta rage masu: su ka tare hanyoyin shiga wurin aikin. A ƙarshen watan Afrilu 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma su ka afka wa ƙauyukan, ciki har da Birnin Tudu. Gwamnati ta ce waɗanda su ka mutu ba su kai 30 ba. Waɗansu masu bincike su ka ce 386 ne. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ko wane adadi ka ɗauka, mutane ne da su ka mutu su na neman a saurare su.

Abin takaici gare mu 'yan fim, shekara sama da 40 kenan, amma je ka kasuwa ka nemi fim ɗin Hausa da ya ba da wannan labari ka gani.

BIDIYO, DA DAWOWAR MAJIGI

Abin da gwamnati ta kasa yi da talabijin, 'yan kasuwa sun yi shi da kaset. Daga 'Turmin Danya' na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, finafinan Hausa su ka bazu har inda turakun lantarki ba su kai ba. Saurayi ya sayi ƙaramin janareta da bidiyo, ya kafa rumfa, yara su biya su shiga. Babu wanda ya ba shi kwangila, amma ya maido da tsarin majigi: hoto ya je wurin mutane.

Hukuma ba ta gane darajar wannan ba sai da ta sha wuya. A 2003 jita-jita ta bazu cewa allurar shan inna na hana haihuwa, har jihohin Kano da Zamfara da Kaduna su ka dakatar da ita. An yi ta sanarwa a rediyo da talabijin, iyaye na rufe ƙofa. Me ya karya lagon abin? Sarakuna da malamai da mata masu bi gida-gida, wato mutanen da ake iya yi wa tambaya su ba da amsa. A 2008 a ƙaramar hukumar Gezawa ta Kano har tsohon majigi aka tono, da sunan sa, ana haska wa jama'a hotunan yaran da cutar ta naƙasa, bayan an gama a zauna a yi tambayoyi. A watan Agusta 2020 aka ayyana Afrika ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Ashe maganin na nan a tsohuwar taska, kunne kawai aka ƙara masa.

Kai, har Sinawa sun bi wannan sawu. A shirin su na kai talabijin ɗin tauraron ɗan'adam ƙauyuka 10,000 na Afrika, wanda kamfanin StarTimes ya aiwatar, Nijeriya ta samu ƙauyuka 1,000 zuwa 2019, kuma cikin kayan har da na'urar haska bango mai aiki da hasken rana. Majigi ne ya sake riga.

TAKI TA WAYA

Wayar salula ta shigo a watan Agusta 2001 da layukan Econet da MTN. A farko sai mai hannu da shuni, amma cikin shekara goma ta isa aljihun ɗan acaɓa da mai tallan goro. Ita ce na'urar farko a duk tarihin nan da talaka ke iya mayar da magana da ita. A Kano, bayan buɗe Rediyon Freedom a 2003, an ga yadda haɗuwar waya da rediyo ke sa jami'in gwamnati ya fito ya yi bayani.

Babban gwajin kai aikin hukuma ta waya shi ne na taki. A 2012 Ministan Gona Akinwumi Adesina ya ɓullo da tsarin da za a rubuta sunan manomi da lambar sa, a turo masa saƙo, ya je wurin dila ya nuna, ya karɓi buhu biyu na taki a rabin kuɗi, da iri. Manufar kyakkyawa ce: a tsallake 'yan siyasa da 'yan kwangilar da su ka daɗe su na karkatar da takin gwamnati. Gwamnati ta ce ta rubuta manoma sama da miliyan 10, kuma ba shakka da yawa sun ga takin tallafi a karon farko.

Amma ka dubi abin da tsarin ke nema daga manomin Bakura. Ya mallaki waya. Wayar na da caji. Garin na da sabis. Ya iya karanta saƙon boko, alhali karatun sa na allo ne. Kada lambar da ya bayar ta zama ta ɗan sa da ya tafi cin rani. Matar da ke noma a bayan gida kuwa, wayar ta mijin ta ce. Dole a wurare da dama aka koma duba suna a takarda, har aka gwada wani kati da ba ya buƙatar sabis a Abuja da Jihar Sakkwato. Bayan canjin gwamnati a 2015, ga bashin diloli ya taru, shirin ya yi ta ja da baya.

Ka ga bambancin? Majigi ya zo da wutar sa. Waya kuwa cewa ta ke ka zo da taka. Sannan aka ƙara wani shinge: a Disamba 2020 aka ce kowa ya haɗa layin sa da lambar shaidar ɗan ƙasa, a Afrilu 2022 aka hana layuka sama da miliyan 70 yin kira. A farkon 2023 kuma canjin kuɗi ya zo, aka ce a koma tura kuɗi ta waya, a yankin da mutum ke cin dogon zango kafin ya ga banki.

SHEKARAR DA AKA KASHE LAYI

A 2021 ƙananan hukumomin nan uku duk sun ɗanɗana. Ranar 26 ga Fabrairu 'yan bindiga su ka kwashe 'yan mata daga makarantar Jangeɓe ta ƙasar Mafara, aka sako 279 a farkon Maris. A tsakiyar Agusta su ka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura su ka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba su ka ɗebi ɗalibai 73 a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun. Kwana biyu bayan haka, hukumar sadarwa ta ƙasa, bisa roƙon gwamnatin jihar, ta umarci kamfanoni su kashe layukan waya a Zamfara baki ɗaya. An kuma rufe kasuwannin mako-mako.

Hujjar gwamnati ba ta wasa ba ce: da waya masu kai rahoto ke tsegunta wa ɓarayi motsin sojoji, da ita ake cinikin kuɗin fansa. Amma da wannan wayar ce kuma ƙauye ke gargaɗin ƙauye, da ita ake kiran mota idan naƙuda ta zo da gardama, da ita ɗan da ke Legas ke turo wa uwar sa kuɗin hatsi. An ce mako biyu ne. Gusau ta samu layi a farkon Oktoba, sauran wurare sai ƙarshen Nuwamba. A tsakani, mai son kira sai ya hau mota ya bar jihar, wasiƙa ta dawo hannun direbobi. Waya ta tafi, kasuwa ta tafi, wato sabuwar jarida da tsohuwar duk an rufe su lokaci guda. Rediyo mai batir ce ta rage, ita kuwa faɗa ta ke yi, ba ta ji.

INA MAFITA?

Idan ka bi tarihin nan daga sankira zuwa salula, za ka ga abu ɗaya na maimaita kan sa. Duk lokacin da saƙo ya isa, to akwai wani mutum a tsakani: mai fassarar majigi, jagoran ƙungiyar rediyo, matar da ke bi gida-gida da allura. Yau ma su na nan, hukuma ce ba ta gan su ba. Je ka kasuwar Mafara ranar Talata ka ga mai cajin waya, da mai POS, da yaron da ke tura wa mutane finafinai da wa'azi a memori. Shi ke karanta wa tsoho saƙon da ya shigo, shi ke cike masa fom. Fim ɗin da ya fito a Kano wannan makon, kafin mako ya zagayo ya na cikin wayar wani a Faru, ba tare da intanet ba. Me zai hana bayanin rabon ruwan Bakolori ko ranar awon ciki ya bi wannan hanya, da murya da hoto, da Hausar Zamfara?

Amma ko an yi hakan, rabin aikin aka yi. Rabin da ya rage shi ne wanda aka bari tun zamanin majigi: wa zai ɗauki amsar talaka, kuma wa zai tilasta a yi aiki da ita? Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Duk shirin da aka zo da shi, na talabijin ne ko na waya, ka tambayi masu shi abu uku, mai karatu: shi zai je wurin mutane ko su za su zo wurin sa? Wa zai yi bayani ga wanda bai gane ba? In manomi ya ce bai yarda ba, ina maganar sa za ta? Idan babu amsar ta ukun, to mutanen Birnin Tudu sun riga sun ga ƙarshen wannan fim ɗin.

Allah ya jiƙan waɗanda su ka riga mu, ya kawo wa Zamfara zaman lafiya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.